Gyaran saura don dankalin Turawa a wajen Ngaundere: a ƙone ciyawa ko a binne ta?

Sabon Manomi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan gyaran gona. Akwai fili kar ɗaya, wato mita 50 kowane gefe, a wajen Dibi kan hanyar Meiganga, ina so in sa masa dankalin Turawa da ruwan fari. Saura ce, ta shekara huɗu ba a taɓa ta ba. Jar ƙasa ce, gamba ta rufe ta ruf, ga tofa a gefen gabas. Filin yana da ɗan gangare zuwa rafi. Babu tarakta, sai garma da fartanya, in ta kama a yi hayar shanun huɗa na yini ɗaya ko biyu. Taki kuma akwai mashekarin Fulani kusa da wurin, sun ce in kwasa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne maganar ciyawa. Wasu sun ce in sa wuta kawai, toka ita ce takin dankali. Wasu sun ce asara ce, a sare a binne ta cikin kunya. Yanzu muna tsakiyar Fabrairu. Da me zan fara, yaushe za a yi kaftu, kunya kuma wane tsayi da wace tazara? Takin shanun nan nawa ne zai ishi kar ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Mai Garma

Wa alaikumus salam ɗana. Masu cewa a binne suna maganar ɗanyar ciyawa ne, taka kuwa a Fabrairu busasshen kara ce. Amma kafin mu zo nan, fara da tofa, ita ce ba ta jiran kowa.

Tofa ba a kashe ta da wuta. Wuta ganye take ci, saiwar tana ƙasa lafiya lau, ruwan fari na sauka ta tofo fiye da da. Saiwarta fara ce mai gaɓa-gaɓa, bakinta da tsini, tana huda dankali ta shiga ta gefe ɗaya ta fito ta ɗaya, ruɓa kuma ta wannan hujin take shiga. Maganinta tono ne yanzu da rana ke da ƙarfi: a sa garma a shiga santimita 25 zuwa 30, a girgiza ƙasar, a tsince saiwar da hannu, a fitar da ita bayan gona ta bushe sannan a ƙone. Kada a daddatsa ta da fartanya a bar ta a ciki, kowace gaɓa sabuwar tofa ce. In gefen gabas ɗin ya yi yawa har aikin zai cinye maka kuɗin iri, ka yanke shi daga lissafin bana, ka sa masa wake ko rogo. Gara kunya 45 masu tsabta da 62 da tofa ke yawo a cikinsu.

Sai gamba. A sare ta daga tushe, a raba biyu. Kara mai kauri a fitar, mai son zana ko jinka ya ɗauka, abin da ya rage a tara tsibi-tsibi a ƙone da sassafe kafin iska ta tashi, bayan an share iyakar gona don kada wuta ta tsallaka makiyaya. Ganye mai laushi da ƙananan ciyayi a bar su shimfiɗe a ƙasa. Tushen gamban a tumɓuke, a kife shi saiwa sama, rana ta gama da shi.

Dalilin da ba a binne busasshen kara a ƙarƙashin dankali uku ne. Ba ya ruɓewa cikin wata ɗaya ko biyu, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin da ke sa ganye kore, sai ka ga shuka ta fito rawaya tana tsugune. Yana barin kogo a cikin kunya, ruwa ya zurare, daga baya kunyar ta lotsa ta tsage. Sannan yana kiran gara. Wutar da za a saki ta lashe fili gaba ɗaya ita ma ba riba: rabin tokar iska za ta kwashe, sauran ruwan farko ya wanke zuwa rafi, ƙasa ta zauna tsirara a lokacin da hadarin Maris da Afrilu ke zuwa da ƙarfi.

Kaftu sai ruwa ya jiƙa ƙasa kamar santimita 20. Jar ƙasar tudun nan da rani ko garma tsalle take yi a kanta, in kuma ta jiƙe sharkaf ka shiga, hoge za ka yi wanda ba ya fashewa har girbi. Gwajin mai sauƙi ne. Tono ƙasa daga zurfin tafin hannu, ka dunƙule, ka matse. In ta haɗu, ka ɗan taɓa da yatsa ta wargaje, lokaci ya yi. In ta yi sheƙi ta ɗauki zanen yatsunka, dakata kwana biyu. In ta ƙi haɗuwa sam, ruwan bai isa ba.

Zurfin kaftu santimita 25 zuwa 30. Garmar shanu ba ta kai nan ba, musamman a saura mai saiwa, da shanun da suka fito daga rani a rame. In ta shiga 12 zuwa 15 an gode Allah. Saboda haka shanu su fasa, mutane su bi da garma a kan layin da kunya za ta zauna su ƙara zurfi. A bar wurin kwana 10 zuwa 14, ciyawar da za ta tsiro ta tsiro, tsuntsaye da rana su rage tsutsa. Sannan a koma karo na biyu a farfasa hoge, a tsince duwatsu da guntayen saiwa. Dankali ba ya iya ture ƙasa mai tauri, in ya haɗu da hoge ko marmara sai ya fito a karkace, ƙanana, mai saye ya ware su gefe.

Yanzu ne binnewa ke da amfani. A ja igiya, tazarar santimita 80 daga tsakiyar kunya zuwa tsakiyar ta kusa. A ja ɗan rami marar zurfi a kan layin, a zuba ɗanyar ciyawar da ta tsiro da ruɓaɓɓen taki, a jawo ƙasa daga dama da hagu a rufe. Ganyen shukar nan mai furen rawaya da ta cika bakin hanyoyin Ngaundere ya fi kowace ciyawa kyau a wannan aiki, yana ruɓewa da wuri, sai dai a ɗebi ganye da kan reshe mai laushi, ban da itacen, don itacen yana kamawa ya zama maka wata fitinar. Bayan an rufe a ba shi mako uku. Kafin shuka ka cusa hannu cikin kunya: in da ɗumi, ko ka zaro ganye da kamanninsa yana warin tsami, bai yi ba.

Kunyar shuka santimita 20 zuwa 25 ta isa, kanta da faɗi, ba mai tsini irin ta gero ba. Kada a kwashe duk ƙasar kwari tun yanzu. 'Ya'yan dankali a saman irin suke fitowa, ba a ƙarƙashinsa ba, don haka za ka buƙaci ƙasa ta ban ƙasa sau biyu, har kunya ta kai 30 zuwa 35. Masu matse tazara zuwa santimita 60 don su sami kunya da yawa, a nan suke kuka: ranar ban ƙasa ba abin jawowa, 'ya'ya su leƙo waje, rana ta mai da su kore masu ɗaci, ba a ci ba a sayarwa.

Lissafinka: kunya 62, rami kowane santimita 30, kusan tushe 10,300. Da iri mai girman ƙwan kaza za ka nemi kilo 450 zuwa 500. In ka fara sassabe a makon nan, kaftu zai faɗo ƙarshen Maris ko farkon Afrilu gwargwadon ruwa, shuka kuma ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

Na Mogode

Baba ya gama magana a kan ciyawa. Ni gangaren ne ya tsaya min, don dankali a kan tudu ruwa ne ke kashe shi ta hanya biyu: ko ya kwashe kunya, ko ya kwanta a kwari saiwa ta ruɓe.

Kada ka ja kunya daga sama zuwa rafi don sauƙin aiki. Kowane kwari zai zama magudana, ruwan sama biyu masu ƙarfi sun isa su kai takinka cikin rafi su bar maka dankali a fili. Kunya ta gitta gangare. Amma a wajenku kada ta gitta daidai-wa-daida. Mu a ƙasar Kapsiki da Mokolo ruwanmu bai kai naku ba, daminar ma gajera ce, shi ya sa mutanen duwatsun Mandara suke jera dutse hawa-hawa suna tare kowane ɗigo, wasu har su datse kwari. Ngaundere kuwa ruwan shekara yana kai milimita 1,500, daga Afrilu har Oktoba. Kwari ya cika, kunya ta sama ta fashe, nauyin ruwan ya faɗa wa ta ƙasa ita ma ta fashe, a haka har gindin gona. A ba kwari ɗan zubi kaɗan zuwa gefe guda, kamar santimita 10 a kowace mita 10, yadda ruwa zai tafi a hankali ba da gudu ba. Ana auna shi da siririn tiyon magina mai ruwa a ciki, ko sanda uku da aka ɗaure da igiya da dutse a rataye. In babu ko ɗaya, ja kunya biyar na gwaji, ka fito bayan ruwa ka duba inda ya kwanta da inda ya ci ƙasa, ka gyara sauran a kan haka.

Kunya mai mita 50 ta yi tsawo. Raba ta biyu, ka bar hanyar ruwa a tsakiya mai faɗin mita ɗaya, kada a nome ta, ciyawarta ce za ta riƙe ƙasa. A saman gona a haƙa lambatu mai zurfin gwiwa ya kama ruwan da ke gangarowa daga filin wani ya zagaya da shi. A gindin gona a bar layin gamba ko a dasa jema. Duwatsun da aka tsince ma a jera su nan maimakon a watsar.

Taki kuma. Abin da ke mashekari iri biyu ne. Akwai tsohon da shanu suka tattake ya zama gari, baƙi-baƙi, ba wari sai ƙanshin ƙasa. Shi za ka kwasa. Akwai sabon kashi, ko wanda ya bushe ya zama faifai, cikinsa ɗanye. Wannan in ya shiga kunya yana zafi ya ƙone tsiro, yana tara gwazarma, ga irin ciyawa fal a cikinsa. In shi kaɗai ka samu, tara shi yau a inuwa, tsibi mai tsayin ƙugu, a yayyafa ruwa har ya jiƙe ba ya ɗiga, a rufe da ciyawa, a juya shi kowane mako biyu. Wata biyu ne mafi ƙaranci, ka ga da ƙyar zai riski shukar ƙarshen Afrilu, don haka kada ka jinkirta. Wajen juyawa a saki kaji su tsince gwazarma.

Kar ɗaya yana son tan 4 zuwa 5 na ruɓaɓɓen takin shanu. A aikace bokitin lita 10 guda a kowace mita uku ta kunya. Na awaki da tumaki ya fi ƙarfi, a rage kaɗan. Kashin kaji kuwa bokiti uku sun ishi kunya mai mita 50 gaba ɗaya, shi ma sai ya huce. Kada a watsa taki a fili duka. Jar ƙasa tana da tsami, tana kama abincin shuka ta riƙe, kuma tsakanin kunya ciyawa kawai za ka ciyar. A layi ake zubawa, a gauraya da ƙasa, a rufe, ya zamana akwai ƙasa zalla kamar yatsa uku tsakanin taki da iri.

Sabon Manomi

Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya ƙara sani. Abu biyu suka rage. Wani maƙwabci mutumin Bamenda ya ce a wajensu ana tara busasshiyar ciyawa a rufe da ƙasa a kunna wuta a ciki, dankali yana yin kyau sosai a kai. Ko in yi haka da karan gamban? Akwai kuma tokar murhu buhu-buhu da zan iya samu a gari. Na biyu, an gaya min gindin filin, daf da rafi, wani ya yi tumatir da attarugu a wurin ranin bara da na bara waccan. Wurin ya fi ko'ina laushi da baƙar ƙasa, har ina tunanin daga nan zan fara.

Malamar Gona

Malam, wurin nan mai laushi shi ne ba za ka taɓa ba. Tumatir, attarugu, tattasai, gauta, yalo, taba da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Mafi muni ita ce ciwon yaushi: shuka tana kore shar, da rana ta faɗi kamar an zuba mata ruwan zafi, da yamma ta ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan ta tafi. In ka yanka ɗan dankalin za ka ga zobe ruwan ƙasa a ciki, idonsa yana fitar da farin ruwa mai yauƙi har ƙasa ta manne masa. Ƙwayar cutar tana zama a ƙasa shekaru, ta fi son wuri mai laima da ɗumi irin bakin rafi, kuma babu maganin feshi da ke kashe ta, kowa ya sayar maka da wani abu a kan haka kuɗinka ya ci. A ba wurin shekara uku zuwa huɗu ana masara, dawa ko ciyawar dabbobi. Tsakaninsa da kunyar ƙarshe a bar 'yan mitoci. Sa'arka ɗaya, wurin yana ƙasa, ruwa daga gare ka yake zuwa masa. Amma garma da takalmi suna hawa da ƙasa sama, don haka in an yi aiki a can a kankare, a wanke, kafin a shigo cikin dankali. Masu shanun haya ma ka tambaye su gonar da suka fito.

Ga gwajin da kowa zai iya. Shukar da ta yi yaushi, yanke karanta kusa da ƙasa, ka rataya guntun a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Cikin 'yan mintoci, in ciwon ne, za ka ga farin zare-zare yana sauka daga bakin yankan. In ka gani, tumɓuke tushen da ƙasarsa da 'ya'yansa, a zuba a buhu a fitar, kada a jefa a kwari ko a kan tsibin taki.

Wutar cikin ƙasa da maƙwabcinka ya faɗa gaskiya ce, manoman tsaunukan Bamenda sun daɗe suna yi, kuma shekarar farko amfanin yana kyau, don zafi da toka suna rage tsamin ƙasa su saki abincin da ta riƙe. Kuɗin a shekara ta biyu da ta uku ake biya. Wutar tana cinye ruɓaɓɓen ganyen da saura ta tara a shekara huɗun nan, ƙasar ta koma ja jawur, gari-gari, ba ta riƙe ruwa, a kan gangare kuma irin wannan ƙasa ce ta fara tafiya. Mai aron fili na shekara ɗaya shi ke yin haka. In gonar taka ce, bi ta Baba.

Toka tana da amfani, dankali yana son sinadarin da ke cikinta, amma kaɗan. Cikin hannu biyu a kowace mita ta kunya shi ne iyaka, a gauraya da ƙasa mako biyu kafin shuka. In ta yi yawa, ko aka zuba ta a ramin shuka, bawon dankali yana yin ƙazuwa, kaushi-kaushi, ciki lafiya amma kasuwa ta ƙi shi. Inda aka ƙone tsibin kara ma a baza tokar, kada a bar ta tule. Kada a haɗa toka da kashin kaji ko yuriya a rana ɗaya, ƙarfin takin yana tashi ya bi iska, za ka ji warin da hancinka. Tokar murhu kuma a tankaɗe ta, a tabbata ba ta bola ba ce mai leda da batir.

In za ka ƙara takin zamani, NPK mai lamba 20-10-10 a jikin buhu, wanda ya fi yawa a kasuwa, ya fi ba da ganye a kan 'ya'ya. Tare da takin shanu, buhu biyu na kilo 50 sun ishi kar ɗaya, wato kimanin kilo ɗaya da rabi a kunya, a gefen iri ba a jikinsa ba. Wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi girma shi ya fi dacewa da dankali in ka same shi.

Duk wannan gyara iri ɗaya marar lafiya yana rushe shi, kuma ya bar maka cutar a sabuwar ƙasa. Ƙananan dankalin da ake warewa a kasuwa ana cewa iri ne, sau da yawa 'ya'yan shukar da ta yi ciwo ne, shi ya sa suka ƙanƙance. Nemi iri daga manomin da aka ga gonarsa tana tsaye, ko ka tambaya a tashar binciken noma ta IRAD da ke Wakwa. Irin dankalin da ake kira Cipira da Tubira, waɗanda aka fitar a Kamaru tun 1992, an san su. Cipira tana da ɗan juriya ga ƙunar ganyen da ke zuwa in ruwa ya yi yawa a Yuli da Agusta. Iri ya zama ya tsiro, tsiro gajeru masu kauri uku ko huɗu, kore ko shuɗi-shuɗi, wanda ake samu in an baza shi a inuwa mai haske da iska. Dogon farin tsiro na cikin buhu karyewa yake yi. Wanda aka haƙa kwanan nan kuma barci yake, sai ya yi wata biyu zuwa uku, in ka binne shi haka zai zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ruɓe. Kada a yanka iri da damina.

Ɗan Lambun Garwa

Don masu karantawa daga ƙasa-ƙasa, Garwa, Marwa, Kuseri har cikin Chadi, kada wani ya ɗauki kalandar nan ya yi aiki da ita. Ngaundere tana sama da mita 1,000, darenta da sanyi ko da damina. A kwarin Binuwai da damina dankalin Turawa ganye kawai zai yi, don in zafin ƙasa ya doshi digiri 30 ba ya ɗaura 'ya'ya. Namu na hunturu ne: gyara a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a haƙa a Fabrairu ko farkon Maris kafin zafi ya sauko. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba ya haƙura da bana.

Ƙasar ma daban. A nemi jigawa mai ɗan laka ta bakin mayo, wato kogi, irin wadda albasa ke so. Baƙar lakar masakwa ba ta yi: da ruwa ta kame iri ya shaƙe, da ta bushe ta tsage, asu ya bi tsagar ya yi ƙwai a jikin dankali. A fara ba fili ruwa sosai, a jira kwana uku ko huɗu ya sha iska, a yi kaftu, a farfasa, a daidaita shi sarai, don a lambu rashin daidaito shi ne kan kunya ɗaya yana ƙishi gindinta yana iyo. Kunya gajeru, mita 5 zuwa 10, tazarar santimita 70 zuwa 75. Kada a shuka shi a fangali a malale shi da ruwa kamar albasa. Ruwa ya bi kwari, ya tsaya a rabin kunya, laima ta hau da kanta.

Wajen tafkin Chadi, Bol da kwaruruwan Kanem, akwai ƙarin matsalar kanwa. In ka ga farin ɓawo a kan ƙasa bayan ruwa ya janye, gishirin a ƙololuwar kunya yake taruwa, saboda nan ne ruwa ke ƙafewa. A irin wurin a kafaɗar kunya ake sa iri, ba a tsakiyar kai ba, kuma ruwan farko kafin kaftu a yi shi da yawa ya tura gishirin ƙasa. Toka kuwa a can ba a sa ta ko kaɗan. Bayan shuka a rufa kunya da bambaron shinkafa ko busasshiyar ciyawa marar iri, tana rage zafin rana a kan ƙasa, ta kuma rage yawan ban ruwa. A nan ma lambun da aka saba tumatir da tattasai a guje shi, ko ba ciwon yaushi akwai tsutsar saiwa mai sa ƙulli, wadda ke fito wa dankali da ƙuraje.

Mai Garma

Malama ta yi daidai a kan gindin rafi, ɗana ka ji ta. Abu ɗaya zan ƙara game da saura. Ta fi tsohuwar gona tsabta wajen cuta, amma ta fi ta ƙwari. Ƙasar da ta shekara huɗu a ƙarƙashin ciyawa cike take da gwazarma da tsutsar nan mai launin toka da ke yanke tsiro da dare. Shi ya sa tsofaffi da yawa sukan fara sa masara ko wake shekarar farko, dankali ya biyo baya. Tunda ka ƙudura bana, a kaftu na biyu ka ƙirga: tona ramuka goma a wurare daban-daban, kowanne faɗin garma biyu. In kusan kowane rami da gwazarma, ƙara kaftu na uku da tsakar rana ka jinkirta shuka mako guda. Gidan gara in akwai a cikin fili ko bakinsa, a tone shi har a ciro uwar tun yanzu.

Ranar shuka ƙasa ta zama da laima, ba tsamo-tsamo ba. Zurfi santimita 8 zuwa 10, tsiro yana kallon sama, a rufe da hannu ko bayan fartanya, ba a takawa. Tsiro zai fito cikin mako biyu zuwa uku. Da safe a zaga, inda aka ga an yanke shuka a tona gindinta da yatsa, tsutsar tana nan a naɗe. Ban ƙasa na farko in shuka ta kai santimita 15 zuwa 20, na biyu bayan mako biyu ko uku, kafin ganye ya haɗe. Da zarar fure ya fito a daina shiga da fartanya kusa da tushe, sai dai a cike tsaga da hannu inda ruwa ya buɗe.